Abin da ke kai ni tsofaffin kusheyi

Ƙanena, ka tambaya me wasu ke nema a tsofaffin maƙabartu alhali ba gawa suka raka ba, ba kuma nasu ne kwance a wurin ba. Har ka ce kai ko da rana tsaka, in hanya ta bi da kai gefen maƙabarta, sauri kake ƙarawa. Na ga malamai sun ba ka amsa da hadisi, kuma sun yi daidai: Manzon Allah (SAW) ya taɓa hana ziyarar kaburbura, daga baya ya ce a ziyarce su domin suna tuna wa mutum lahira. Tushen ke nan, ba ni da abin ƙarawa. Ni nawa zan ba ka, na mutumin da aka haifa cikin Birnin Damagaram, ya fi shekara ashirin yana wannan yawo, har uwargida ta daina tambayar inda za ni in ta ga na ɗauki sanda da safiyar Juma'a.

Ba son tarihi ya fara kai ni ba. Kabarin kakana na ɓatar.

Ya rasu ina yaro ƙarami, ban je rufe shi ba. Wanda ya san wurin ƙanen mahaifina ne, kuma duk zuwana gida sai ya ce, "Zo mu je in nuna maka kushewar tsoho." Ni kuwa lokacin ina koyarwa a wani ƙauye, kullum amsata ita ce sai hutu mai zuwa. Hutun da ban kai shi ba ke nan har Allah ya yi masa rasuwa. Bayan sadakar arba'in na tafi ni kaɗai, na tarar da wani dattijo mai haƙar kabari a gindin aduwa yana gyara ƙotar dagi. Na faɗa masa sunan kakana da unguwarmu. Ya yi shiru, can ya ɗaga hannu ya ce, "Mutanen layinku tsakanin aduwar can da wancan dutse suke." Na je na tsaya. Tudun ƙasa sun fi ashirin, wasu sun baje har sun kusa zama daidai da fili, ba suna, ba alama sai ɓallin tukunya ko ɗan dutse a wajen kai. Na rasa wanda zan fuskanta, sai na yi musu addu'a gaba ɗaya. A hanyar komawa na ji wani abu da ban zata ba: ban dawo da takaici ba, na dawo kamar wanda ya je gaida mutum ɗaya ya tarar da zaure cike da dangi.

Wannan dattijo, Allah ya jiƙansa, shi ya koya mani karanta maƙabarta, don ita ma tana karantuwa kamar allo. Kaburburanmu duka kudu da arewa suke kwance, kai a kudu, mamaci bisa gefensa na dama, fuska gabas wajen alƙibla. Ko ka ɓata cikin daji, in ka ga kushewar Musulmi ka san inda za ka fuskanta ka yi salla. Ana haƙa babban rami, sannan a tsaga ƙarami a cikinsa daidai faɗin mutum, a jera itace ko fasassun tukwane a kai, a toshe da ganye da taɓo kafin a tura ƙasa. Shi ya sa tsohon kabari ke loɓawa a tsakiya: gara ta cinye itacen, damina ta zo ta ƙarasa. Inda ka ga ɓallin tukwane da yawa a fili, wurin ya tsufa. Ya taɓa kai ni wani gefe inda ƴan gajerun kusheyi suke jere reras, wasu ba su fi kamu biyu ba. Ya ce, "Shekarar ƙyanda ce wannan." Ba littafin da ya taɓa sa ni jin nauyin kalmar annoba kamar wannan layi. Tun ranar ban sake yi wa masu rigakafi dariya ba in sun shigo unguwa.

Daga nan ne ƙafa ta kai ni maƙabartar Nasara, wadda yara da yawa ke wucewa ba su san mece ce ba. Can komai a rubuce yake: suna, muƙami, ranar haihuwa, ranar mutuwa, bisa siminti ko dutse. In ka tsaya ka yi lissafi tsakanin shekarun biyu za ka ga wasu samari ne, sa'o'in ɗaliban da na koyar. To ka san labarin yadda suka zo. A watan Mayu 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou, Bafaranshe, a nan Damagaram, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Shekara ta zagayo, ƙarshen Yuli 1899, aka gwabza a Tirmini, bindigogin Faransa suka rinjayi dawakinmu, cikin Satumba kuma aka kashe sarkin a Rumji. Daga baya garin nan ya zama hedikwatar mulkinsu, har 1926 da suka kwashe ta zuwa Yamai. Duk wannan na koyar da shi a aji shekara da shekaru, da alli da taswira. Amma tsayuwa gaban kabarin ɗaya daga cikinsu daban ne. Mutum ya ƙetaro teku da hamada don ya mallaki ƙasar wasu, ga shi nan abin da ya samu daga cikinta bai wuce tsawonsa ba, ƙadangaru na shan hantsi bisa sunansa.

Ba na zuwa can don tausayin mulkin mallaka, kada ka fahimce ni a baibai. Na san abin da suka yi. Abin da ke tsaya mani a rai shi ne bambancin wuraren biyu. Su suna da suna a dutse, amma a duk zuwana ban cika tarar da kowa a kansu ba. Namu ba suna, amma ba Juma'ar da za ta wuce ba ka ga wani tsaye ya ɗaga hannu ba, kuma addu'ar tasa kowa na samun rabo, har baƙon da ya mutu a kasuwa aka rufe ba a san garinsu ba. Sai dai namu na da rauni ɗaya, wanda ya ci ni: sunan na cikin kan tsofaffi ne. Tsoho ɗaya ya rasu, kusheyi hamsin sun zama na kowa.

In za ka Tasawa ko Maradi, ka tsaya Maijirgi. A nan kaburburan Voulet da Chanoine suke, kyaftin biyu na sojan Faransa da suka taho daga yamma a 1899 suna ƙone garuruwa suna kashe mutane, har Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da gwamnatinsu ta aiko ya tsayar da su, kwana kaɗan bayan haka sojojinsu suka juya musu. Na tsaya sau ɗaya, ban daɗe ba. Wuri ne da ba ka da addu'ar yi, sai dai ka tuna waɗanda suka kashe a su Birnin Konni, waɗanda ba wanda ya gina wa komai.

Kaburburan sarakunanmu kuwa suna nan cikin Birni, amma ba wurin da ake faɗawa kai tsaye ba ne. Ka bi ta fada, ka yi gaisuwa, ka nemi izini, a haɗa ka da wanda ya san su. Riba biyu ce, don mai raka ka zai ba ka labarin da ba ya cikin takarda. Ka tuna Sarki Tanimun, wanda ya kewaye garin nan da ganuwa, aka ƙera masa igwa a nan gida, ayarin Tarabulus na sauka a Zango a zamaninsa. Ya rasu 1884. Yau ganuwar sai ɗan guntu nan da can, shi kuma ƙasar da ta rufe talakansa ita ta rufe shi. Na je Hubbaren Shehu a Sakkwato ma, cike da masu ziyara, amma gaskiya na fi samun natsuwa a inda ba kowa sai kukan kurciya.

Batun tsoro da ka yi. Ni ma na ji shi farko, kuma ba abin kunya ba ne. Da yawansa tatsuniyar fatalwa ce da aka cusa mana muna yara don kada mu yi yawon dare. Abin tsoro na gaske a tsohuwar maƙabarta maciji ne da kunama, sai ramin da ya rufta ciyawa ta rufe bakinsa, musamman ƙarshen damina. Saboda haka da hantsi ake zuwa, da sanda, ana duba inda ake sa ƙafa, kuma ka shirya cire ƙarangiya daga ƙafar wando. In ka shiga ka yi sallama irin wadda aka koyar, "Assalamu alaikum ahlad diyar", ka roƙa musu gafara da lafiya tare da kanka. Ba a zama kan kabari, ba a taka shi, ba a roƙon mamaci komai, shi ne ma mai bukata. Waya a aljihu. Na taɓa korar wasu samari da suka jingina da kushewa suna ɗaukar hoto don Facebook, na ce musu wanda ke ƙarƙashin nan uban wani ne. Game da zuwan mata, malamai sun yi saɓani, kowa ya tambayi nasa.

In kana son shiga ba tare da fargaba ba, jira aikin gayya. Bayan ruwa ya ɗauke, unguwanni kan fita da shebur da kwando, a cike kaburburan da suka rufta, a sare ciyawa, a gyara shinge saboda awaki da masu yanke hanya. Cikin mutane talatin ba ka jin komai, kuma nan ne tsofaffi ke sakin baki. Ka manne wa ɗaya, ka riƙe masa buta, ka tambaye shi waye nan, waye can. Ka fara da naku. In akwai sauran mai rai a gidanku da ya san inda aka sa kakanka, kada ka ce masa sai hutu.

Ni bara na kai babban ɗana kabarin mahaifina. Na tsayar da shi gindin kurna na ce ya fuskanci gabas ya ƙirga taki. Goma sha ɗaya, sannan uku zuwa hagu. Ya ciro waya ya ce zai adana wurin a taswira, ba sai ya ƙirga ba. Na ce ya adana, amma ya koma gindin kurnar ya sake ƙirgawa da ƙarfi ina ji. Ya koma, ya ƙirga, ya samu goma sha biyu, don takinsa bai kai nawa ba.