Amsa: Babur ya ƙi tashi bayan ajiyar hunturu

Malam, ka ce tsohuwar Honda CG 125 ɗinka ta yi wata huɗu a zaure tun shigowar sanyi, yanzu kana ta kik amma shiru. Kada ka yi gaggawar buɗe inji, don Allah.

Ni zargina na farko fetur ne. In ya daɗe a ajiye, ɓangarensa mai saurin kama wuta yakan bi iska, ragowar ta zama danƙo ta toshe ƙaramin jet na kafireta, wato ɗan ƙarfe mai siririyar huda da fetur ke bi a cikin kafireta, inda mai ke haɗuwa da iska. Buɗe tanki ka sansana. In warin ya koma kamar tsohon fenti, zubar da shi duka. Kwance notin ƙasan kafireta, man ciki ya tsiyaye. Jet ɗin kuwa ka cire shi ka ɗaga wa rana: in ba ka hango haske ta hudar ba, a toshe yake. Wanke shi da sabon fetur, ka hura masa iska. Kada ka zura allura, za ta faɗaɗa hudar babur ya riƙa zuƙar mai. Na ga wanda ya yi hakan, sai da ya sayi sabon jet.

Sannan fulogi. Cire shi, ka mayar masa da wayarsa, jingina shi da jikin inji, ka yi kik. Wuta shuɗiya ake so. Tazarar bakinsa, inda wutar ke fitowa, milimita 0.6 zuwa 0.7 ce.

Ka leƙa akwatin iska ma. Ƙurar hunturu tana cika soson da ke tace iska, ɓeraye kuma suna son yin gida a wajen. Ka canja baƙin mai, ka ja cok (abin da ke rage wa kafireta iska don inji mai sanyi ya tashi), ka gwada da hantsi. In ya yi tari ya mutu, gaya mana launin fulogin.