Fentin tankata ya tattare da na zo sa mata alamun tsufa

Tambaya: Malam, barka da aiki. Yayana ne ya kawo mini tsarabar samfurin tankar yaƙi T-34 ta kamfanin Tamiya, mai ma'aunin 1/35. Na harhaɗa ta, na shafa mata koren fentin Humbrol da burushi, na manna lambobinta. Da na ga ta fito fes kamar kayan wasan yara, sai na dama baƙin fenti da tinar masu fentin mota na bi jikinta da shi don ta nuna ta sha yaƙi. Fentin ya tattare, wani wurin har robar ta yi laushi, gefen lambobin kuma ya yi fari-fari. Ina na kuskure, kuma za ta gyaru? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Tinar nan ce ta yi maka ɓarna. An yi ta ne don fentin ƙarfen mota, kuma ƙarfinta ya kai ta narkar da irin robar da ake zuba waɗannan samfura da ita. Ko da ma farin tina mai sauƙi ka samu, irin na masu zane da fentin mai, da wuya ka tsira, domin Humbrol na ƙananan gwangwani fentin mai ne, duk abin da ke sirka shi kuwa yana iya tayar da shi bayan ya bushe. Ƙa'idar da masu wannan aiki ke bi ita ce, abin da za ka wanke jikin tankar da shi kada ya zama dangin fentin da ke ƙarƙashinsa. Shi ya sa akasari ake yin launin jiki da fentin akirilik, kamar jerin XF na Tamiya ko Vallejo na ƙasar Sifaniya, sannan a yi tsufan da fentin mai.

Za ta gyaru idan robar ba ta lotsa sosai ba. Ka bar ta kwana biyu ko uku ta sake ƙarfi, ka goge wurin da samfefa mai laushi da ɗan ruwa, ka fesa fentin shimfiɗa mai ruwan toka a jikin duka, sannan ka sake shafa koren. Idan a kan hasumiyar bindigar ɓarnar ta faɗa, ka ma yi sa'a: hasumiyoyin T-34 da yawa zuba ƙarfensu aka yi, fatarsu kaushi gare ta, don haka ɗan rashin santsi ba zai zama aibu ba.

Farin da ka gani a gefen lambobi iska ce ta maƙale tsakanin sitikar da fenti mai kaushi. Maganinsa, bayan koren ya bushe ka fesa ruwan ƙyalli marar launi na akirilik, ka manna lambobin a kan santsin, ka danne da auduga, ka sake fesa ƙyallin a kansu. Wannan rufin ne kuma zai kare launinka daga abin da zai biyo baya. Sai ka ɗebi fentin mai ruwan ƙasa mai duhu (na fi son shi a kan baƙi wuluk, baƙin yana kashe koren), ka sirka shi da farin tina mai sauƙi ya yi ruwa-ruwa, ka riƙa ɗiga shi da bakin siririn burushi a gindin kusoshi, layin walda da gefen murafu. Zai bi lungunan da kansa. Bayan minti goma sha biyar zuwa ashirin ka goge rarar da burushi mai ɗan danshin tina. Kada ka yi wa sarƙoƙin da tankar ke tafiya a kansu wanka da shi, yawansa yana sa mahaɗar roba ta tsage.

Amma abin da na fi so ka tsaya a kai shi ne, kafin ka sake taɓa burushi ka yanke wace tanka kake ginawa, a ina take, a wane wata. An fara ƙera T-34, tankar Tarayyar Sobiyet ta Yaƙin Duniya na Biyu, a birnin Kharkiv na Yukren a 1940, aka kwashe masana'antar zuwa birnin Nizhny Tagil na Rasha a ƙarshen 1941 saboda matsowar Jamusawa, kuma koren da ake kira 4BO ake shafa mata. Yawancinsu ba su daɗe a fagen fama ba kafin a harbe su ko a mayar da su gyara. Saboda haka tankar da ta yi ja jawur da tsatsa ba ta cikin yaƙi ba ce, ta gidan tarihi ce ko wadda aka yasar a daji. Tsatsa wurinta bakin salansa biyun nan na baya da sarƙar safaya da aka ɗaure a jiki. Injinta na dizal ne, V-2, don haka kunkunniya a farantin baya ƙarƙashin salansa gaskiya ce, ka sa ta ba tsoro. Sarƙar da ke tafiya kuwa, inda take gogar ƙasa da tayoyi ƙyalli take yi. Ka goga bakin fensir a wurin, ka murza da yatsa.

Launin ƙura ma daga wurin yake fitowa. Idan yaƙin da aka gwabza a Kursk ta Rasha a Yulin 1943 kake nufi, ƙasar yankin baƙa ce, ƙurarta toka-toka mai ɗan duhu, lokacin kuma rani ne, busasshiyar ƙura za ka yi, ba taɓo ba. Jar ƙasa irin ta hanyoyinmu za ta yi kyau a ido amma ta ƙaryata tankar. Allin launi na masu zane, idan ka kankare shi da reza ya zama gari, ya wadatar. Ka yawaita shi a tayoyi da ƙasan jiki, yana raguwa yayin da kake hawa sama.

Ɓarewar fenti ita ce inda sababbin hannu suka fi wuce gona da iri. Ka tuna da lissafin ma'auninka: milimita 1 a samfurin daidai yake da santimita 3.5 a tankar gaske, tabon milimita 3 kuwa ya haura santimita 10. Ka yagi ɗan soso, ka tsoma a fenti mai duhu, ka danna a takarda har ya kusa bushewa, sannan ka taɓa inda takalmi da hannu ke sauka: gefen murfin direba, bakin murafun hasumiya, da saman injin inda sojojin ƙasa na Sobiyet ke hawa suna riƙe da ƙarafan da aka yi wa walda dominsu. Tsakiyar faranti mai faɗi ba abin da ke ɓare shi, ka ƙyale shi.

Kafin garin allin, ka fesa rufi marar ƙyalli don a kashe sheƙin da ka sa tun farko. Idan ka fesa shi bayan allin, rabin ƙurarka za ta ɓace. Tun da a Zariya kake, lokacin hunturu ka kife kwali a kan tankar da zarar ka gama kowane feshi, domin ƙurar iska tana manne wa ɗanyen fenti. A watannin zafi kuma akirilik yana bushewa a bakin burushi, sai ka ƙara sirki ka yi shafa biyu ko uku marasa kauri, da safe ko bayan la'asar.