Hukuncin Ajiye Tsohuwar Mota Don Sha'awa

Tambaya: Malam, ina da sha'awar tsofaffin motoci. An yi mini tayin Peugeot 504 ƙirar Kaduna da kuma gingimari Mercedes 911, ina son in sayi ɗaya in gyara in ajiye. Wacce ta fi dacewa a shari'a, kuma akwai zakka a kanta?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, mallakar kowacce daga cikinsu halal ne. A Suratun Nahli, aya ta 8, Allah Ya ambaci dawaki da alfadarai da jakuna, Ya ce don ku hau su kuma don ado, sannan Yana halittar abin da ba ku sani ba. Ado da abin hawa ba laifi ba ne, matuƙar kuɗin na halal ne, ba bashi a wuyanka, iyali kuma ba su tagayyara ba.

Maganar zakka tana bin niyyarka ranar saye. In don ajiya ce kawai, ba zakka a kanta ko da darajarta ta ninka, domin Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa babu zakka a kan Musulmi game da dokinsa. In kuwa ka saya kana jiran ta yi tsada ka sayar, ta zama hajar kasuwanci. A mazhabar Malikiyya irin wannan ɗan kasuwa shi ake kira muhtakir: ba ya ƙiyasta ta duk shekara, sai ranar da ya sayar ya fitar da ɗaya bisa arba'in sau ɗaya, in shekara ta zagayo a kan jarin kuma kuɗin ya kai nisabi. Sauran mazhabobi uku sun ce a ƙiyasta ta duk shekara. Gingimarin da aka sa haya kuwa, zakka tana kan kuɗin da yake kawowa, in sun kai nisabi sun shekara, ba a kan jikinsa ba.

Wajen zaɓi, ni dai na fi karkata ga 504. Tun 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, don haka masu gyaranta ba su yi wuya ba, kuma za ka iya hawanta ka je Juma'a ko zumunci. Shi 911 an ƙera shi don dako; har gobe irinsa na ɗaukar hatsi daga kasuwannin ƙauye, direba da yaran mota suna ci da iyalinsu. A kafe shi a gida tayoyi na ruɓewa, ina tsoron ya shiga tozarta dukiya da Annabi (SAW) ya ce Allah Ya ƙi. Ban ce haram ba ne. Amma in ranka ya nace a kansa, ka sa shi aiki ko da lokacin kaka ne.

Ranar da za ka sayar, wajibi ne ka bayyana injin da aka sauya da fentin da ya rufe tsatsa, don mai saye yana biyan kuɗin mota ta asali ne, kuma yana da haƙƙin mayarwa in ya gano aibin da aka ɓoye. Wallahu a'alam.