Wane Aliyun ne a wannan tsohon hoton?

Tambaya: Malam barka da aiki. An turo min wani tsohon hoto baƙi da fari a WhatsApp, wani dattijo da rawani a zaune, an rubuta "Sarki Aliyu Babba" a ƙasa. Wasu na cewa Sarkin Musulmi ne, wasu na Kano, wani ma ya ce mawaƙi ne. Ya zan gane?

Amsa: Yauwa ɗan'uwa, barka kadai. Fara cire Sarkin Musulmi daga lissafi. Aliyu Babba ɗan Muhammadu Bello ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, lokacin kyamara ba ta iso ƙasar Hausa ba, ko Barth, Baturen Jamus mai yawon bincike, da ya gana da shi a 1853 rubutu da zane ya koma da su gida. Duk wanda ya ce maka ga hotonsa to an yaudare shi ne shi ma.

Inda ruɗanin yake shi ne tsakanin sarakuna biyu. Akwai Alu Babba na Kano wanda ya hau a 1894 cikin basasar Yusufawa da Tukurawa, Turawa suka ci Kano a 1903 yana can wajen Sakkwato, daga baya aka kama shi aka kai shi Yola sannan Lakwaja, can ya rasu a 1926. Sai Aliyu Ɗan Sidi na Zazzau, shi a 1903 ɗin ya hau, ya yi kusan shekara 17 aka tuɓe shi, shi ma Lakwaja aka kai shi, kuma shi sarki ne marubucin waƙa, ƙila daga nan mai cewa mawaƙi ya samo tasa. To ka ga suna ɗaya, zamani ɗaya, garin da aka tsare su ma ɗaya, dole mutane su riƙa cakuɗa su.

Abin da nake yi, na kan bar fuskar in kalli abin da ke kewaye da mutumin. In ka ga dogarai da lema da Bature a tsaye gefe da hular kwano, wannan sarki ne mai ci a zamanin Turawa, ya fi kama da Ɗan Sidi, don Alu bai taɓa sarauta ƙarƙashinsu ba. In akwai tagwayen masu da takalmin gashin jimina kayan sarautar Kano ne, amma fa sai ka yi hattara don zai iya zama ɗaya daga sarakunan Kano da suka biyo bayansa, Abbas ko Usman ko Abdullahi Bayero, aka liƙa wa sunan Alu, wannan na faruwa sosai kuma yana ɓata min rai wallahi, don yara haka suke ɗauka su zuba a aikin makaranta.

Ta ɓangaren mawaƙa kuwa akwai Aliyu Namangi na Zariya mai Imfiraji, makaho ne, sai Aliyu Ɗandawo makaɗin fada, shi ka nemi makaɗa da 'yan amshi a gefensa.

In za ka iya, nemi wanda ke riƙe da asalin takardar ya juya maka bayanta, sau da yawa akwai hatimin mai hoto ko rubutun hannu da shekara. Kar ka yarda da wanda aka shafa wa kala da AI, yana canza kamanni. Sannan ka kai shi Gidan Makama a Kano ko Arewa House a Kaduna, wuraren adana kayan tarihi, su gwada da nasu.