Amsa: Ko Beamish ya dace a kai yara?

Malama, kin tambaya ko ya dace ki kai yara Beamish, gidan tarihin da ke nuna rayuwar mutanen da a fili, su yini. Ƙwarai kuwa, amma ku sa takalma masu daɗin tafiya, don filin ya haura eka 300 a gundumar Durham, arewacin Ingila. Gari ne sukutum aka sake ginawa, ma'aikata sanye da tufafin shekarun 1900 suna gasa burodi, suna sarrafa alewa a gabanku. Ku hau tsohon taragon lantarki, sannan ku shiga ramin haƙar kwal. Sai an sunkuya, amma a ganina nan ne ya fi armashi. Tikitin yana aiki har shekara guda. Kifin shagon Davy's da ke cikin filin kuwa da kitsen saniya ake soya shi, in kina kiyaye yanka ki riƙo guzurinki.