Ku Tambaya Mu Amsa: Fim ɗin dodanni yana dusashewa a sabuwar falasma

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina neman ƙarin haske. Na sayi falasma inci 43 na haɗa ta da bufa, sai ƙanena ya kawo mani wani fim na yaƙi irin na dodanni da matsafa da takubba a filash, a shagon masu turi aka tura mashi nan Daura. In ana yaƙi da rana hoton lafiya lau, amma da an shiga kogo ko dare ya yi sai komai ya koma dabbare-dabbare, ba ka gane fuskar kowa. Ga kuma sauti, in ana magana sai na ƙure murya, in dodon ya yi ruri kuwa har maƙwabta sai sun ji. Shin jabu aka sayar mani ne? Daga mai karatunku a Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, alamun da ka lissafa ba na jabun talabijin ba ne, tunda ka ce da rana hoton yana fita tas to na'urarka tana aikinta, matsalar tana cikin kwafin da aka tura maku.

Bari ka ji lissafin. Faifan DVD mai hawa ɗaya yana ɗaukar GB 4.7, mai hawa biyu GB 8.5, kuma kamfani fim ɗaya yake zubawa a ciki. Faifan Blu-ray da ya fito a 2006 yana ɗaukar GB 25 ko 50, shi ma fim ɗaya. To shi mai turi, don memori ɗin waya ya ɗauka kuma kada data ta cinye shi wurin saukewa, sau da yawa kwafin da aka matse ya koma MB 300 ko 400 yake ba ku, fim na awa biyu ko fiye. Haka faifan nan na kasuwa mai fim ashirin a ciki, ka raba 8.5 gida ashirin ka ga abin da kowane fim ya samu, bai kai rabin GB ba. Kamar kwanon fura ɗaya ne a ce mutum ashirin za su sha, dole sai an tsinka da ruwa.

Kuma ba ko'ina matsewar take yi wa ɓarna daidai ba, shi ya sa ka ga rana lafiya dare kuma ya lalace. Manhajar da ke matse bidiyo tana zubar da abin da take ganin ido ba zai lura da shi ba, kuma wurin duhu ne ta fi yi wa haka, don launukan can kusa suke da juna, baƙi da baƙi-baƙi da toka, sai ta haɗe su wuri ɗaya su zama murabba'i-murabba'i. Sannan tana dogara da cewa hoton yanzu ya yi kama da wanda ya gabace shi, to irin wannan fim naka kuwa hayaƙi ne da ƙura da wuta da ruwan sama da dubban mayaƙa suna gudu lokaci guda, babu abin da ke tsaye, nan take ƙarfinta yake ƙarewa. Fim na zaman falo da hira yana jure matsewa, na dodanni ba ya jurewa sam. A waya ba ka gani saboda allon ƙarami ne, amma inci 43 babu abin da yake ɓoyewa. Ni gaskiya abin yana mani ciwo, mutane sun kwashe watanni suna zana fatar dodon nan ɓawo-ɓawo a kwamfuta, mu kuma inuwarshi kawai muke kallo.

Abin yi, ka nemi kwafi mai 1080, wato mai hoto tas, wanda nauyinshi ya kai GB 2 zuwa sama, kada ka yarda da sunan kawai don ana rubuta 1080 a kan kwafin da aka matse, nauyin za ka duba. In ka samu faifan asali ko ka kalla ta manhajar da ke da izinin fim ɗin ya fi, su ma masu aikin sun samu haƙƙinsu. In da na'urar faifai kake kallo ka yar da wayar nan mai kai uku, rawaya da ja da fari, ka sa wayar HDMI. Ka shiga saitin hoto ka zaɓi inda aka rubuta Movie ko Cinema, ka bar Vivid ɗin da suke sawa a shago, sannan ka rage hasken ɗaki, kwan fitila da ke haska allo yana kashe duhun fim.

Batun sauti kuma daban ne. Irin waɗannan finafinan da lasifika shida ake haɗa sautinsu, shi ne 5.1 da kake gani a jikin kwali: biyu a gaba, biyu a gefe ko baya, ɗaya ta tsakiya, sai bufa. Kusan duk maganar 'yan wasa ta lasifikar tsakiya take fitowa. In aka tattara shidan aka cusa a lasifika biyu sai kiɗa da ƙarar takubba su danne maganar, ga shi dama da gangan aka bar tazara mai yawa tsakanin raɗa da fashewa saboda silima aka yi wa. Ka duba saitin sauti, akwai Night Mode ko DRC, shi ke rage wannan tazarar, wasu talabijin kuma suna da wurin ƙara murya. Ka rage bufar ma kaɗan, mu nan muna son ƙure ta.

Tambaya: Malam ina kwana. Wasu finafinan suna zuwa da baƙin layi sama da ƙasa, maigidana sai ya danna rimot ya cike allon, ni kuma sai in ga mutanen sun yi tsawo. Wa ke da gaskiya? Daga wata 'yar'uwa a Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa: Lafiya lau Hajiya. Ke ce da gaskiya, amma a faɗa wa Alhaji a hankali. Allon talabijin na yanzu 16 da 9 ne, wato faɗi 16 tsayi 9, manyan finafinan yaƙi kuwa da yawa a 2.39 da 1 ake ɗaukarsu, sun fi allon faɗi, don haka layin nan ba lalacewa ba ce, haka fim ɗin yake. In aka cike allon ko dai a ja hoton mutane su miƙe kamar yadda kika gani, ko a yanke gefe da gefe, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin ya tafi, kuma a fagen yaƙi can gefen ne rundunar take. Ku mayar da shi kan 16:9 ko Original ku bar shi haka.