Kafin ki sayi injin niƙa roba, sayi sikeli

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da gidan abinci a Ƙofar Ƙaura, cikin garin Katsina. Kullum da yamma sai mun kwashe buhu biyu ko uku na gorunan ruwa da na lemo, da robobin zuba abinci, da ledar ruwa, mu zubar, wani lokaci mu ƙona. Na ɗauki adashe naira dubu 700, ƙanena ya ce in sayi injin niƙa roba in riƙa kai wa kamfanoni a Kano. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara wa sana'a albarka. Ƙanenki ya hango kasuwa ta gaskiya, amma kada ki sayi injin nan yanzu.

Roba tana cika ido, ba ta cika sikeli, kuma masu saye da kilo suke saye. Ƙaramar gorar ruwa nauyinta bai fi giram 20 ba, sai kin tara kusan 50 kafin ki samu kilo ɗaya. Buhu ukun da kike kwashewa da wuya su kai kilo 10. Ƙaramin inji ma zai cinye tarin wata guda a yini ɗaya, sauran kwanakin yana zaune. Ga shi yana son wuta mai layi uku ko babban janareta, ga wuƙaƙensa da ake wasawa a kai a kai, ga yaron da zai tsaya a kansa. Kuɗin adashen duk za su shige cikin ƙarfe, ba ki da na sayen kayan da za ki zuba masa.

Inda ribar take shi ne wajen tantancewa. Juya robar ki duba gindinta, akwai lamba a cikin wata alama mai kusurwa uku. Lamba 1 ita ce gorar ruwa da lemo, wadda ake kira PET, ana niƙa ta a yi zaren yadi da audugar filo. Lamba 2 jarka ce da galan. Lamba 4 ledar ruwa. Lamba 5 ita ce robar zuba abinci mai murfi. Waɗannan ukun na baya su ake narkarwa a yi buta da bokiti da baƙar leda. Kowace da farashinta, kowace da mai sayenta. Idan kika haɗa su a buhu ɗaya, dillali zai biya ki da farashin wadda ta fi arha, ya je ya ware, ya ci ribar da ta kamata ta zama taki. In lambar ta goge, yanko ɗan guntu ki jefa a ruwa: PET tana nutsewa, sauran suna tasowa sama. Murfin gora ma ba jinsinsu ɗaya da gorar ba, a cire shi a tara daban. Farar gora kuma ta fi koriya daraja, kada a cakuɗa su.

Ke kina da wata dama da 'yan bola jari ba su da ita. Su daga juji suke tsinta, da ƙasa da laka. Taki daga kan tebur take fitowa. Ki ajiye buhu huɗu a bayan shago, yaranki su riƙa jefa kowace a nata tun daga kwashe kwanuka. Robar da ta sha manja a ɗauraye ta da ruwan ƙarshe na wanke-wanke, a shanya ta bushe sosai, domin mai saye yana zaftare kilo idan ya ji danshi ko ya ga yashi.

Akwai kuma kasuwar da ke kusa da ke, wadda ba sai an je Kano ba. Masu zoɓo da kunun aya da man gyaɗa suna sayen gora mai kyau da murfinta, da ƙirga suke saye, kuma kuɗin ya fi na kilo nesa ba kusa ba, musamman da azumi da lokacin zafi. Don haka gorar da ba ta lotse ba kada a taka ta. Sai dai wadda kika san daga teburinki ta fito kaɗai za ki sayar musu. Duk gorar da aka tsinto a waje, wadda ba a san ko maganin feshi ko fetur aka zuba a ciki ba, ta tafi buhun niƙa.

Farar robar soso ta zuba abinci kuwa, wadda ake kira styrofoam, ki daina sayenta in da hali. Ba ta da nauyi, da wuya ki samu mai saye, kuma jihar Legas ta hana amfani da ita tun watan Janairun 2024. Mai lamba 5 ta ɗan fi tsada, amma tana da kasuwa bayan an ci abinci.

Game da Kano: tsakaninta da Katsina kusan kilomita 170 ne, kuma motar da aka cika da goruna ba a matse ba, iska kika biya wa kuɗin mota. Ki fara sayarwa ga dillalan cikin gari. Kafin nan ki tura ƙanenki da samfur ya zaga unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Dakata da Challawa, ya tambayo mafi ƙarancin nauyin da suke karɓa, da abin da suke zaftarewa, da ranar da suke biya. Wannan ta ƙarshe ta fi muhimmanci, don wasu sai kaya ya yi makonni a hannunsu. Ya tambayo kuma ko niƙaƙƙiya suke so ko matsattsiya. Yana iya dawowa ya ce miki injin matsewa ake buƙata, ba na niƙa ba.

Daga cikin dubu 700, ni da zan ba ki shawara kada ki taɓa fiye da kashi ɗaya cikin biyar: sikelin rataye, manyan buhuna, shingen waya a wani fili nesa da murhu, da ɗan jarin sayen roba daga maƙwabtanki masu abinci da wuraren taron biki. Ki gaya wa mai unguwa kafin ki fara tarawa, kada 'yan duba gari su ɗauka juji kika buɗe. Ƙonawa kuwa a bar ta daga yau, hayaƙin yana shiga ƙirjin yaranki da na masu cin abinci.

Ki buɗe littafi daban da na shinkafa da miya, ki riƙa rubuta kilo nawa ya shigo, nawa kika biya, nawa aka ba ki. Ki yi wata shida, damina ta shiga ciki, don ki ga yadda ruwa yake taɓa kayan. Idan lissafin ya nuna kina haɗa tan ɗaya, wato kilo dubu, a mako ba fashi, kuma kina da kamfanin da ya karɓi kayanki sau uku ya biya a kan lokaci, ki sake rubuto mini mu yi maganar inji.